Category: Kalmar da Aka Haifa a Zauren Shari'a

Idan Bature zai kasa abubuwa rukuni-rukuni, kalmar da ta fi saurin zuwa bakinsa ita ce category. Da ita ake raba 'yan gasa, da ita ake jera kaya a kanti, da ita kuma masana yanayi a Amurka suke auna ƙarfin guguwar teku daga mataki na 1 zuwa na 5. Amma asalinta ba ruwansa da jera kaya.

A birnin Atina na tsohuwar Girka, kategoria na nufin tuhuma. Mai ƙara ne zai miƙe a bainar jama'a ya ce wane ya aikata kaza. A cikin kalmar ma akwai agora, dandalin nan da ya haɗa kasuwa da wurin taron gari.

Aristotal, wanda ya rasu a shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya fito da ita daga kotu. Duk wanda ya ce "dokin nan fari ne" ya ɗora wa dokin magana, kamar yadda mai ƙara ke ɗora wa wanda ya kai gaban alƙali. Sai Aristotal ya kasa abin da ake iya faɗa a kan kowane abu gida 10: mene ne shi, nawa ne, yaya yake, ina yake, yaushe, me ya yi, me aka yi masa, da sauransu. A ganina nan darajar kalmar take, domin sanya abu ko mutum a wani rukuni da'awa ce, da'awa kuwa sai da hujja.

Wani masani mai suna Boethius ya juya littafin da Aristotal ya rubuta kan wannan batu zuwa Latin a farkon ƙarni na 6. Turanci bai karɓi kalmar ba sai a ƙarni na 16, kuma a bakin masana falsafa ta fara zama kafin ta watsu cikin gari.

Wata hanyar ta bi ta Bagadaza, inda Ishaƙ ɗan Hunainu ya fassara littafin zuwa Larabci, aka san shi da Al-Maƙulat, ya shiga cikin ilimin manɗiƙi. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi rubutu a kan manɗiƙi, har ya mayar wa Suyuɗi na Masar martani da baitoci lokacin da shi Suyuɗin ya hana karanta wannan fanni.