Yadda Jakadunmu na Farko Suka Yi Shirin Tafiya da Iyalinsu

Aika manzo daga wannan sarki zuwa wancan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Mai Idris Alooma na Barno ya aika manzanni har Santambul a zamanin Sarkin Turkawa Murad na Uku. A 1824 kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Baturen nan Clapperton wasiƙa ya kai wa Sarkin Ingila Joji na Huɗu. Amma manzon da, kayan aikinsa takarda ɗaya ce mai hatimi, da doki, da guzuri. In ya isar da saƙo sai ya juyo, iyalinsa na gida suna jiransa. Jakadan zamani kuwa zama ya ke zuwa yi, shekara biyu ko uku ko fiye, saboda haka tilas ya ɗebi mata da 'ya'ya. To, a nan aikin ya ke, gama kowane rai da zai ƙetare iyaka sai da takardarsa.

Kafin mulkin kai Ingila ce ke riƙe da harkokin Nijeriya na waje. Da aka ga lokaci ya ƙarato, a 1957 Gwamnatin Tarayya ta zaɓi samari goma sha biyu don su koyi aikin jakadanci, aka rarraba su ofisoshin jakadun Ingila su ga yadda a ke yi. Cikinsu akwai Malam Aminu Sanusi na Kano da John Garba na Barno. Ran 1 ga Oktoba 1960 aka sami mulkin kai, ran 7 ga wata Nijeriya ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya, ita ce ƙasa ta 99. Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ya riƙe Ma'aikatar Harkokin Waje da kansa har 1961, sa'ad da aka ba Jaja Wachuku. Alhaji Abdulmaliki, ɗan Atta na Igbirra, wanda da ma ya taɓa zama wakilin Jihar Arewa a Landan, shi ya zama Babban Kwamishinan Nijeriya na farko a can.

Takardar farko ba ta zuwa hannun jakada sam. Gwamnati ce za ta aika wa ƙasar da za shi a asirce, ta ce ga wanda mu ke nufin turowa, ko kun yarda? In ba su yarda ba, ba dole ne su faɗi dalili ba. Saboda haka mutum ya kan san an zaɓe shi, amma ba shi da ikon ya faɗa, kada ya yi ban kwana da dangi sa'an nan magana ta wargaje. In amincewa ta zo, sai a rubuta masa wasiƙar shaida, wadda zai miƙa hannu da hannu ga shugaban waccan ƙasa. Daga 1960 zuwa 1963 da sunan Sarauniya a ke yin ta, don ita ce shugabar ƙasa a lokacin. Wannan ya kawo wani abin dariya kaɗan: ba shi yiwuwa Sarauniya ta aika wa kanta jakada a Landan. Shi ya sa a kan kira wakilin can Babban Kwamishina, al'ada kuwa ita ce ya riƙe wasiƙar Firayim Minista zuwa ga Firayim Minista.

Duk wannan mai sauƙi ne, don akawuna ke yinsa a Ikko. Mai wuyar shi ne na cikin gida.

Fom ɗin fasfo yana tambayar ranar haihuwa da wata da shekara. Mutanenmu kuwa a lokacin ba su saba da rajistar haihuwa ba. Uwa ta san ta haifi ɗanta da azumi, shekarar da aka yi fari, ko shekarar da aka naɗa sarki wane, ita wannan ya ishe ta. Sai a zauna da dattawa a yi ta lissafi, a tsai da shekara, a je gaban mai shari'a a yi rantsuwa a karɓi takardar shaidar shekaru. Ranar da aka rubuta kuwa ta zauna ke nan har abada, ko daidai ce ko kuskure. Sa'an nan ga maganar suna. Turawa na son sunan dangi, wanda miji da mata da 'ya'ya duk za su amsa. Mu kuwa mutum da sunan yanka ya ke tafiya, sai na ubansa, ko na garinsu in makaranta ta liƙa masa, kamar yadda aka sami Tafawa Ɓalewa da Shagari. Mace ba ta barin sunanta don ta yi aure. Matar da ko sunan mijinta ba ta iya faɗa saboda kunya, sai ga shi an rubuta mata shi a takarda, ma'aikacin tasha na kiranta da shi da ƙarfi a bainar jama'a. Haka nan hoto. Macen kulle, wadda baƙo bai taɓa ganin fuskarta ba, tilas ta zauna gaban mai hoto. Yara ƙanana dai da sauƙi, a lokacin a kan rubuta sunayensu cikin fasfon uwa ko na uba.

Akwai kuma abin da fom bai tanadar wa wuri ba. Layi ɗaya aka bari don sunan mata. A 1961, ran 18 ga Afrilu, ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya game da hakkin jakadu. Cikinta aka ce iyalin jakada da ke zaune a gidansa suna da irin alfarmarsa, watau ba a kama su, ba a tsare su. Amma ba a fayyace ko wane ne iyali ba, aka bar kowace ƙasa da al'adarta. Ƙasashen Turai kuwa auren mace ɗaya suka sani. Mai mata biyu ko uku sai ya zaɓi wadda za a rubuta, uwargida ko amarya, ko wadda ta yi makaranta ta ke jin Turanci. Wanda ya tsara fom ɗin nan bai san abin da layi ɗaya ke iya tayarwa a gidan Bahaushe ba. Ga kuma 'ya'yan riƙo, da ƙannen mata, da yarinyar da ke raino, waɗanda mu a wurinmu iyali ne ba shakka, a takarda kuwa sai an yi bayanin kowannensu.

Bayan fasfo da biza sai wurin likita. Tun 1951 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara katin shaidar riga-kafi, wanda a ke kira rawayan kati. Lambar agana tana aiki shekara uku. Allurar zazzaɓin shawara kuwa shekara shida ce a lokacin, kuma ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana goma, saboda haka wanda ya yi sakaci da allurar jariri ɗaya ya tsai da tafiyar gida duka. An daina neman shaidar agana bayan da aka tabbatar cutar ta ƙare a duniya a 1980, ta shawara kuwa tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai.

Hanya biyu ce a lokacin. Mai gaggawa ya hau jirgin sama, ga tasha a Kano, wadda jiragen Turai ke sauka. Mai iyali da kaya kuwa ya kan fi son ruwa. Sai a hau jirgin ƙasa a Kano, a ƙetare Kwara a Jebba, a yi tafiyar mil 700 zuwa Ikko. A Apapa a shiga ɗaya daga jiragen Kamfanin Elder Dempster, ko Accra, ko Apapa, ko Aureol, wanda ya fara aiki a 1951. Jirgi ya kan ratsa ta Gana da Saliyo, ya isa Libaful bayan kamar mako biyu. Manyan akwatuna na can ƙasan jirgi, ba a ganinsu sai an sauka, don haka mai hankali ya kan ware rigunan sanyi na yara a hannu, gama tun ba a kai ba iska ke sakewa. Kayan jakada na amfanin gidansa ba a karɓar musu kuɗin kwastan, matan gida kuwa sun san abin da za su cusa: daddawa, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da yaji.

Ko an sauka ma da sauran takarda. Sai an kai sunan kowa Ma'aikatar Harkokin Waje ta ƙasar, sa'an nan jakada ya jira ranar da za a kira shi fada ya miƙa wasiƙarsa. Wani lokaci kuma ba a gama sabawa da wuri ba sai kira ya zo daga gida. Alhaji Ado Bayero yana jakadan Nijeriya a ƙasar Sanigal Allah ya yi wa Sarkin Kano Muhammadu Inuwa rasuwa a 1963. Cikin watan Oktoba na shekarar nan ya komo Kano, aka naɗa shi Sarki.