Garifuna: An Kore Su, Suka Tafi Da Harshensu

Duk ranar 19 ga Nuwamba, tun da asuba, mutanen Dangriga a ƙasar Belize ta Amurka ta Tsakiya kan iso gaɓar teku cikin kwale-kwale, riƙe da itacen rogo da ganyen ayaba, ganguna na tashi. Baƙon da ya je kallon damisa a dajin Cockscomb zai ɗauka shagali ne kawai, alhali isowar kakanninsu suke maimaitawa.

Garifuna zuriyar 'yan Afirka ne da suka yi auratayya da 'yan asalin tsibirin St. Vincent. Sun gwabza da Turawan Ingila har aka kashe shugabansu Joseph Chatoyer a 1795. Aka tsare dubbansu a tsibirin Baliceaux, kusan rabi suka mutu, aka kwashe sauran zuwa Roatan a 1797. Daga nan suka bazu har Belize, inda Thomas Vincent Ramos ya faro bikin a 1941.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, a St. Vincent harshen ya kusan ɓacewa, a bakin korarrun ya rayu. Mu kuwa a Danchuwa da kewayen Potiskum muna ganin jikokin Ngizim da Karai-Karai da Bolewa waɗanda kaka za ta gaishe su da yare su amsa da Hausa, kuma babu jirgin da ya kwashe su.