Mashayar Carlton Tavern ta Landan

Carlton Tavern mashaya ce da ke kan titin Carlton Vale a yankin Kilburn, arewa maso yammacin Landan. Ta yi suna ne saboda an rushe ta ba bisa ƙa'ida ba, hukuma kuma ta tilasta aka sake gina ta yadda take tun asali.

An gina ta tsakanin 1920 da 1921 domin kamfanin giya na Charrington, a kan zanen Frank J. Potter. Ta maye gurbin wata tsohuwar mashaya da jirgin yaƙin Jamus ya jefa wa bam a 1918. Ginin jan bulo ne, an yi wa fuskarsa ado da tayil mai sheƙi da ke ɗauke da sunan kamfanin. A Yaƙin Duniya na Biyu bama-bamai sun cinye gine-ginen titin, ita kaɗai ta tsira. Ƙimarta a wurin masana ita ce fasalinta na ciki da waje bai sauya sosai ba tun da aka gina ta.

A Ingila, ginin da ya shiga jerin gine-ginen tarihi ba a rushe shi, ba a sauya masa kama, sai da izini. A farkon 2015 Majalisar Westminster ta hana kamfanin da ya mallaki mashayar izinin gina gidajen haya a wurin, hukumar Historic England kuma tana shirin ba da shawarar a sa ta a mataki na biyu na jerin. Kafin a kai ga haka, ranar 8 ga Afrilu 2015, aka kawo katafila aka rushe ta.

Mazauna unguwar suka tashi tsaye. Majalisar ta umarci kamfanin ya mayar da ginin, bulo bayan bulo. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, aka yi watsi da ita a 2016. Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne Historic England ta riga ta ɗauki hotuna da bayanan ginin kafin rushewar, sai magina suka bi su.

An sake buɗe mashayar ranar 12 ga Afrilu 2021. Tun daga nan masu kare gine-ginen tarihi a Ingila ke kafa hujja da ita, cewa riga hukuma rushe gini ba ya fitar da mai shi daga hannun doka.