Faɗowa, Tsalle da Reto a Zane Mai Motsi

Faɗowa, tsalle da reto su ne motsi uku da ake fara koya wa mai zane mai motsi. Abu ya sauko daga sama, ya bugi ƙasa ya tashi, ko kuma a rataye shi ya riƙa lilo har ya tsaya. A Kano an fi ganinsu a tallace-tallacen waya na 'yan kasuwa, irin na Kasuwar Sabon Gari da ke ƙaramar hukumar Fagge, wadda sunanta na hukuma Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi. Farashin shadda ko na blanda ya faɗo kan allo, ya yi tsalle sau biyu, sannan lambar wayar mai shago ta sauko tana reto kamar an ɗaure ta da zare. Aikin daƙiƙa uku ne, amma tarihinsa ya kai shekara ɗari, lissafinsa kuma ya haura ɗari huɗu.

Lissafin ya riga zanen. Galileo, a Italiya, ya nuna cewa abu mai faɗowa ƙara gudu yake yi: idan ya ci taku 1 a lokaci na farko, zai ci 3 a na biyu, 5 a na uku, 7 a na huɗu. Shi ne kuma ya lura cewa tsawon igiya ke yanke saurin lilo, ba nauyin abin da aka rataya ba. Igiya mai mita 1 tana ɗaukar kusan daƙiƙa 2 ta je ta dawo. Isaac Newton ya tattara dokokin motsi a 1687. A doron ƙasa gudun abu mai faɗowa yana ƙaruwa da kusan mita 9.8 a kowace daƙiƙa, ƙwallo kuma duk tashin da ta yi bai kai na baya ba, domin kowane bugu yana cinye wani ɓangare na ƙarfinta. Ɗan dako bai karanta Newton ba, amma ya san bambancin faɗuwar buhun shinkafa da ta katan ɗin robobi. Wannan ido na kowa da kowa shi ne alƙalin aikin. Ko yaro yana gane ƙwallon da aka zana ba daidai ba.

A zamanin fensir, komai da hannu ake yi. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, mai zane kuma shi zai yanke inda ƙwallo take a kowane hoto. A tsakiyar shekarun 1920 kamfanin Max Fleischer a Amurka ya fito da finafinan waƙa da farar ƙwallo ke tsalle kan kalmomi don 'yan kallo su bi. Abin dariya, sau da yawa ba zana ta aka yi ba: ƙwallo ce a kan sanda, mutum na motsa ta da hannu. A ɗakin zanen Disney, cikin shekarun 1930, aka daidaita dabarun da ake bi har yau, waɗanda Frank Thomas da Ollie Johnston suka rubuta a littafinsu na 1981 a matsayin ƙa'idoji 12. Biyu daga ciki su ne jigon wannan batu. Ta farko, ƙwallo ta lotse idan ta bugi ƙasa, ta miƙe idan tana gudu, ba tare da girmanta ya ragu ko ya ƙaru ba. Ta biyu, abin da ke rataye ba ya tsayawa tare da uwar jikinsa. Mutum ya tsaya cak, amma jelar rawaninsa sai ta wuce gaba kaɗan kafin ta dawo.

A nan ne masu zane suka rabu da malaman kimiyya. Ƙwallon gaskiya ba ta lotsewa kamar yadda ake zana ta. Ƙarin gishiri ne, kuma idan babu shi motsin yakan fito lami, daidai a lissafi amma babu rai.

Kwamfuta ta shigo da ƙwallo a hannu. Wajajen 1950 na'urar Whirlwind ta cibiyar MIT ta nuna ɗigo yana tsalle a allo bisa lissafi. A 1958 William Higinbotham ya haɗa wasan tanis na allo a ɗakin binciken Brookhaven. A Janairun 1984, a bajekolin Las Vegas, masu ƙera kwamfutar Amiga suka ja hankalin jama'a da wata ƙwallo mai ja da fari tana juyi tana bugun bango da ƙara. Sai 1986, lokacin da John Lasseter na Pixar ya fitar da Luxo Jr., fim na minti biyu kan fitilun tebur biyu da ƙwallo. Kwamfuta ce ta fitar da hotunan, amma igiyar wutar da ke bin ƙaramar fitilar tana kaɗawa da hannu aka tsara motsinta, kuma tana cikin abubuwan da suka fi ba da wahala. Reto ya fi tsalle wuya tun asali, don igiya ba abu ɗaya ba ce, gaɓoɓi ne da yawa kowace na jan ta kusa da ita.

Manhajar After Effects ta fito a Janairun 1993 daga wani ƙaramin kamfani mai suna CoSA a Providence, ta koma hannun Adobe a 1994, ta iso Windows a 1997. A cikinta mai aiki yana kafa turaku, waɗanda editoci ke kira kifirem: nan abu yake a hoto na 1, can yake a hoto na 12, na'ura ta cike tsakani. Matsalar ita ce na'ura takan cike da gudu ɗaya, sai edita ya lanƙwasa layin gudun da kansa. A 2001 aka ba da damar rubuta gajeren umarni da ke yin tsalle ko lilo ba tare da turaku barjat ba. A wannan tsakanin Robert Penner ya wallafa lissafinsa na sassauta motsi don manhajar Flash, har da na tsalle da na roba, kuma manhajoji da yawa da ke da maɓallin tsalle a yau jikokinsa ne. Mataki na gaba shi ne a bar wa na'ura komai: a faɗa mata nauyi, santsi da ƙarfin tashi, a saki abu ya faɗi. Injin Box2D na Erin Catto, wanda wasan Angry Birds na 2009 ya hau kansa, shi ne aka shigar cikin After Effects ta wani ƙari mai suna Newton.

Kano ta shiga wannan tarihi ta ƙofar bidiyo. Daga fim ɗin Turmin Danya na 1990 zuwa lokacin da mujallar Tauraruwa ta raɗa sunan Kannywood a ƙarshen shekarun 1990, kasuwar kaset ta bunƙasa a Ƙofar Wambai da Bata, dab da Sabon Gari. Inda zane mai motsi ya samu gurbi shi ne sunan fim, tambarin kamfani da tallar finafinai masu zuwa da ake jerawa a farkon kaset ko faifai. Editocin da ke ɗakunan tace fim, irin na Titin Gidan Zoo, suna aiki da hoto 25 a daƙiƙa, tsarin talabijin na Najeriya, kuma yawancinsu a hannun maigida suka koya, kamar yadda ake koyon ɗinki. Zuwan tashar Arewa24 a 2014 ya ɗaga ma'aunin da 'yan kallo ke auna irin wannan ado.

Wayar hannu ce ta sauko da shi cikin rumfunan kasuwa. Da KineMaster, sannan CapCut da ya bazu a duniya daga 2020, yaron shago yana ɗaukar hoton kaya, ya zaɓi motsin da aka riga aka dafa, ya ɗora a WhatsApp ko TikTok kafin maigida ya dawo daga sallar azahar. Babu turke ko ɗaya da ya kafa. Illar kawai ita ce tsalle iri ɗaya ne a ko'ina: firiji da ɗankunne nauyinsu ɗaya a allo, dukansu suna tashi kamar ƙwallon roba. Ƙwararrun editoci sukan rage tashin firijin zuwa ɗan girgiza guda, su bar wa ɗankunnen lilo huɗu ko biyar, kowanne bai kai na baya ba.