Zaure da Falo: Tarihin Zaman Unguwa a Samarun Zariya

1. Gabatarwa

Matafiyin da ya taso daga Gummi, ko Bukkuyum, ko Anka, ya nufi Zariya, ta Gusau da Funtuwa ya kan bi, ya wuce Giwa da Shika, sa'an nan ya iso Samaru tun bai hangi ganuwar birni ba. A nan hanyar mota ta tsaga gari biyu. A gefe guda ga harabar Jami'ar Ahmadu Bello da gidajen malamanta cikin inuwar itatuwa, a ɗaya gefen kuwa ga kasuwa da lunguna da gidajen haya a cunkushe. Tun daga 1962 'ya'yan Zamfara ta yamma su ke bin wannan hanya neman ilmi, waɗansu su koma gida, waɗansu aiki ya zaunar da su. Manufar wannan takarda ita ce a bi diddigin kafuwar unguwannin nan biyu, a kuma gwada su da irin unguwar da Bazamfare ya baro gida, domin a ga abin da aka samu da abin da aka rasa sa'ad da aka raba mazaunin malami da mazaunin jama'a.

2. Unguwa a tsohon tsari

Bayan da Gobirawa suka ci Birnin Zamfara cikin ƙarni na 18, sarautar Zamfara ta yi ta ƙaura har ta zauna a Anka cikin ƙarni na 19. A Anka, da Gummi ta Sarkin Mafara, da Bukkuyum ta Sarkin Danko, abu uku ke haɗa mutane unguwa ɗaya, watau dangantaka, da sana'a, da asalin inda aka fito. Shi ya sa a garuruwan Hausa a kan sami unguwar maƙera, da ta marina, da ta majema. Kowace tana da mai unguwa da liman, gida kuwa na gado ne, inda aka binne cibiyar mutum nan jikansa zai yi rarrafe.

A wannan tsari makaranta ba ta da wani gini nata na dabam. Zauren malami shi ne ɗakin karatu, shi ne masaukin baƙo, nan a ke sulhu, nan a ke ɗaurin aure. Almajirin da ya zo daga nesa a zaure ya ke kwana, maƙwabta su ciyar da shi. Shaihu Abubakar Mahmud Gumi a gaban mahaifinsa, alkalin Gummi, ya fara karatu, kafin ya tafi Midil ta Sakkwato da Makarantar Shari'a ta Kano. Birnin Zariya ma haka ya ke, gama Unguwar Kona da Unguwar Juma sun yi suna wajen karatu tun gabanin zuwan Turawa. Ashe Zariya garin masu neman ilmi ce tun ba a yi mafarkin jami'a ba, sai dai malaminta yana zaune tsakiyar mutane, wanda ya ga dama ya tuɓe takalmi ya shiga.

3. Garuruwan bayan ganuwa

Turawa sun shiga Zariya a 1902, hanyar jirgin ƙasa kuma ta iso a 1911. Daga nan aka soma kafa mazaunai a bayan ganuwa, kowane da irin mutanen da aka keɓe masa. Sabon Gari ya zama na ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa, galibinsu mutanen kudu. Tudun Wada ta zama ta baƙi 'yan arewa. Turawa suka zauna can nesa a bariki. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta tanadi a bar fili na yadi 440 tsakanin gidajen Turawa da na 'yan ƙasa, bisa hujjar tsare lafiya daga zazzaɓin sauro. Haka hukuma ta zana unguwa a takarda tun mazaunanta ba su zo ba, ta kuma faɗi wanda zai zauna cikinta.

Samaru a cikin wannan tsari ta tashi. A 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a wurin, daga baya aka ƙara makarantar koyon aikin gona. Turawan gona suka sami gidajensu, leburori da akawuna da kuku da boyi kuwa suka yi ta kafa nasu a gefe, ƙauye ya soma girma. Cikin shekarun 1950 aka gina reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya. Ran 4 ga Oktoba, 1962, aka buɗe jami'a, aka haɗa mata kwalejin nan, da tashar gona, da Makarantar Mulki ta Kongo, da Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano. Shugabanta na farko shi ne Norman Alexander, mutumin Niyu Zilan, sa'an nan Dokta Ishaya Audu ya gaje shi a 1966.

4. Zaman kwatas

Gidajen da jami'a ta gada, da waɗanda ta gina, duk a kan fasalin gidan bariki su ke. Sunayen unguwannin kansu shaida ne. Inda tsohon gari ya ke kiran unguwa da sana'a ko da sunan wanda ya sare ta, a nan harufa aka ba su, a ce unguwar A, ko C, ko BZ. Matsayin aiki ke ba mutum gida, ofis ke zaɓa masa maƙwabci, ran da ya bar aiki kuwa sai ya miƙa mabuɗi.

Kalmomin da Hausa ta aro don wannan zama su ma sun nuna baƙuncinsa: kwatas, falo, kicin, baranda, gareji, boskwata. Abin lura shi ne babu ko ɗaya cikinsu da ta maye gurbin zaure. A gidan gargajiya baƙo namiji a zaure ya ke tsayawa, bai wuce shigifa ba sai da izini. A gidan kwatas kuwa da an buɗe ƙofa sai falo, inda iyali su ke. Muddin Turawa ke zaune ciki wannan bai dami kowa ba. Amma da 'yan ƙasa suka yawaita, sai gidajen suka soma canja kama. Aka yi ta kewaye bayan gida da zana ko katanga domin mata su sake. Boskwata da aka gina don boyi ta zama masaukin ƙanne da 'yan garinsu masu karatu, watau ta ɗauki rabin aikin zaure. Filin furanni ya koma gonar masara da kuɓewa, aka ɗaure tumaki a gindin mangwaro, aka kuma tayar da masallatai a unguwanni. Shimfiɗa tabarma a ƙofar gida bayan la'asar ta dawo, ko da ya ke mai zanen gidan bai tanade ta ba.

Ba za a musa alherin wannan zama ba. Ya haɗa Bahaushe da Bayarabe da Tibi da Ba'indiye katanga ɗaya, 'ya'yansu suka tashi makaranta ɗaya. Amma rikicin 1966, wanda ya sa mutanen gabas da yawa suka bar Zariya da sauran garuruwan arewa, ya nuna cewa maƙwabtakar da aiki kaɗai ya ƙulla ba ta da saiwa mai zurfi.

5. Tsallaken hanya

Abin da kwatas ta rasa, garin Samaru ke cike mata. Can a ke cefane, can tela da makaniki su ke, can ƙananan ma'aikata da ɗaliban da ba su sami ɗaki a makaranta ba su ke haya. Da wuri ya ƙure sai gari ya bazu zuwa Hayin Dogo da Bomo da Zango da Palladan da Hanwa. Malamai da dama, ganin gidan aiki ba na gado ba ne, a waɗannan wurare suka sayi fili suka gina na kansu. Sai dai gefen jami'a an tsara shi tun da fari, har da madatsar ruwa a kan Kubanni, alhali kuwa gefen gari ya girma ne yadda hali ya yi, ba tare da isassun hanyoyi da magudanun ruwa ba.

Harshe ma ya ɗauki alamar wannan cuɗanya. Bazamfare ya iso da "shina zuwa" da "yat tahi", ya tarar da Zazzaganci wanda sau da yawa ba ya bambanta jinsi, a ce "motan nan" ko "mace ne", ga kuma Hausar baƙi ta kasuwa. Ɗan da aka haifa masa a Samaru, in ya je Anka ganin kakanni, da buɗe bakinsa za a san inda ya tashi. Hanyar nan dai ba mutane kaɗai ta ke ɗauka ba, gama irin auduga da gyaɗa da dawa da aka inganta a tashar gona, masu sunaye da ke farawa da SAM, ta nan su ke komawa gonakin arewa.

6. Kammalawa

Shekaru 60 da 'yan kai na zaman Samaru sun nuna cewa mazaunan gidajen jami'a ba su daina ƙoƙarin mai da su unguwa irin ta gida ba, garin da aka bari a tsallake kuwa shi ke ɗauke da nauyin da ba a lissafta ba. Katanga ma ba ta zama garkuwa ba, tun da a 2020 masu satar mutane sun shiga har gidajen ma'aikata. Yanzu Zamfara tana da jami'o'in kanta, ta Tarayya a Gusau tun 2013, da ta jiha a Talata Mafara, kowace kuma ƙauyukan da ke bakin ƙofarta za su zama Samarunta. Ya kamata masu tsara su su ba garin tsallaken hanya ruwa da hanya da makaranta tun bai cunkushe ba, su kuma tambayi magina na Anka da Gummi da Bukkuyum dalilin da ya sa ba su taɓa gina gidan malami babu zaure ba.