Patricia Highsmith, marubuciyar da ta ƙi hukunta mai kisa



Mun saba da labarin kisan kai da yake farawa da gawa. An tsinci mutum a mace, mai bincike ya shigo, muna biye da shi har shafin ƙarshe inda za a nuna mana mai laifi. Patricia Highsmith ba ta bi wannan hanya ba. A littattafanta tun da wuri muke sanin wanda ya yi kisan, domin cikin kansa take zaunar da mu, mu ji tsoronsa da dabarunsa, har mu wayi gari muna fatan kada a kama shi.

An haife ta ranar 19 ga Janairu, 1921, a Fort Worth ta jihar Texas a Amurka. Iyayenta sun rabu kwanaki kaɗan kafin haihuwarta, sunan Highsmith ma na mijin mahaifiyarta ne. Tun tana yarinya ta karanta The Human Mind na likitan ƙwaƙwalwa Karl Menninger, littafin da ya tattara labaran marasa lafiya irin masu sata ba don buƙata ba da masu son cinna wuta, mutanen da in ka gan su a hanya ba za ka ce akwai abin da ke damunsu ba. Ta gama kwalejin Barnard a 1942, ta yi shekaru tana cin abinci da rubuta wa mujallun zane-zane labarai.

A 1948 ta samu masauki a Yaddo, gidan da ake saukar da marubuta a jihar New York, a can ta yi aikin littafinta na farko, Strangers on a Train, wanda ya fito a 1950. Mutum biyu ne suka haɗu a jirgin ƙasa, Guy Haines mai zanen gine-gine da Charles Bruno. Bruno ya kawo shawarar su yi musayar kisa: shi ya kashe matar Guy, Guy kuma ya kashe mahaifinsa, tunda babu wanda zai zargi baƙo da kashe wanda bai sani ba. Guy bai amince ba, amma Bruno ya je ya cika nasa, sannan ya dawo ya matsa masa lamba har shi ma ya aikata. Alfred Hitchcock ya ɓoye sunansa ya sayi haƙƙin littafin kan dala 7,500 kacal (mu da muke sayar da labari ga masu fim sai mu lura), ya yi fim a 1951. A fim ɗin Guy bai kashe kowa ba. Tun daga nan aka fara wanke mata mutanenta.

Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne The Talented Mr. Ripley na 1955. Tom Ripley matashi ne maras galihu mai ƙananan damfara a New York. Wani attajiri mai kamfanin ƙera jiragen ruwa ya biya shi ya je Italiya ya lallaso ɗansa Dickie Greenleaf ya dawo gida. Tom ya ga irin rayuwar Dickie, suturarsa da kuɗinsa da kwanciyar hankalinsa, ya ji ita yake so. Da ya lura Dickie ya fara gajiya da shi, sai ya kashe shi da filafili a cikin kwale-kwale kusa da San Remo, ya ɗauki fasfonsa, ya koyi sa hannunsa, ya ci gaba da karɓar kuɗinsa. Abokin Dickie, Freddie Miles, ya fara gano bakin zaren, shi ma ya kashe shi a birnin Rum. Ya ƙirƙiri wasiyyar ƙarya, dukiyar ta zama tasa, littafin ya ƙare yana can Girka babu wanda ya taɓa shi. Highsmith ta ƙara littattafai huɗu a kansa, daga 1970 zuwa 1991, yana zaune a ƙauyen Faransa da matarsa, yana kula da lambunsa, yana kisa in ta kama.

A nan ne maganar ta shafe mu. Yawancinmu mun taso da cewa dole mugu ya ga sakamakonsa kafin a rufe littafi, kishiya mai asiri ta haukace, azzalumin alhaji ya tsiyace. Ba mu kaɗai ba ne. Da Faransawa suka mayar da labarin fim a 1960, Plein Soleil, wanda Alain Delon ya fito a ciki, sai da suka sa gawar Dickie ta bayyana a ƙarshe, ita kuwa ba ta ji daɗin wannan canji ba. A ganinmu littafin bai yabi kisa ba. Wanda ya karanta ya san Tom bai sake samun aboki na gaskiya ba, kuma ko a shafin ƙarshe 'yan sanda yake hangowa a ransa suna jiransa a bakin teku. Sai dai ba za mu ɓoye ba, a littattafan baya wannan fargabar ta ragu sosai, kuma mai cewa an sauƙaƙa masa da yawa yana da hujja.

Tana da wasu da suka cancanci nema. Deep Water na 1957 labarin miji ne mai haƙuri a ido, mai kiwon dodon koɗi, wanda ya fara da ƙaryar cewa ya kashe wani saurayin matarsa, daga baya ya soma kisan da gaske. Ita kanta dodon koɗi take kiwo. Ga masu koyon rubutu akwai Plotting and Writing Suspense Fiction na 1966.

Halinta ba abin koyi ba ne. Ta sha giya ƙwarai, kuma waɗanda suka rubuta tarihinta sun kawo munanan kalamanta kan Yahudawa da baƙar fata. Ta koma Turai a 1963, ta zauna a Ingila, sannan Faransa, sannan Suwizalan, kuma Turawan can sun fi 'yan ƙasarta ɗaukarta da daraja. Littafinta na ƙarshe ma kamfanin da ke buga mata a Amurka ƙin karɓarsa ya yi. Ta rasu a Locarno ranar 4 ga Fabrairu, 1995, ta bar littattafan ƙagaggun labarai 22, dukiyarta kuma, kimanin dala miliyan uku, ta yi wasiyya a ba Yaddo.