Man Tsirrai Mai Ƙamshi da Ruɓewar 'Ya'yan Itace Bayan Girbi

Man tsirrai mai ƙamshi shi ne wanda ake tatsowa ta hanyar tururi daga ganye, ɓawo ko fure. Ya bambanta da man gyaɗa da manja, gama yana bin iska da sauri, ɗan kaɗan kuma yana da ƙarfi ƙwarai. Kirfa, wadda ake samun irinsa daga ɓawonta, tana cikin kayan man keɓewa a Fitowa sura 30.

Funfuna ce take jawo yawancin ruɓewa. Ƙwayoyinta suna shiga ta rauni, ko su kwanta a ɓawo tun ɗan itace yana ɗanye. Nau'in Colletotrichum ne ke kawo baƙin tabo a mangwaro, ayaba da gwanda in sun fara nuna, Penicillium kuwa shi ke rufe lemo da koren gari.

Man kanumfari da man kirfa suna ɗauke da sinadaran da ke lalata fatar ƙwayar funfuna, su hana ta tsiro. Akan gauraya su da ruwa a tsoma 'ya'yan itace, ko a ɗiga a takarda cikin kwali domin ƙamshin ya ratsa kayan. A wani bincike da aka buga a 2011, masana a Malesiya sun haɗa ƙaro kashi 10 cikin ɗari da man kirfa kashi 0.4, ruɓewar ayaba da gwanda ta ragu sosai. Ƙaro kuwa yana nan a Jigawa, Yobe da Borno.

Sai dai a kula. Man da ya yi yawa yakan ƙone ɓawo, ya sauya ɗanɗano. Ba ya warkar da abin da ya riga ya ruɓe, ba ya kuma maye gurbin tsinka a hankali, ware masu rauni da ajiya a inuwa. A fara gwadawa da kwando ɗaya, a nisanta man daga yara. Za a iya neman shawara a cibiyar binciken adana amfanin gona ta NSPRI, mai hedkwata a Ilori.

'Yan'uwa, kwandon mangwaro da ya ruɓe kuɗin makarantar yaro ne ya salwanta. A Yohanna sura 6, bayan Yesu ya ciyar da mutum 5,000, ya sa almajiransa suka tattara ragowar. Adana abin da Allah ya ba mu ɓangare ne na riƙon amana.